Alwatika Cikin Kwanson Gyaɗa

A Timaru sanyin Yuli ba ya sallama,
ta ƙarƙashin ƙofar gareji yake shigowa ya zauna.
Ni ma na zauna, makulli a hannu,
ina lallashin jar Mazda kamar mai neman bashi:
yau dai ki rufa min asiri, ki juya.

Ba ta da fistan. Bakina ya gaji da bayani.
Alwatika biyu ne na ƙarfe
ke birgima a ɗaki mai siffar kwanson gyaɗa,
a bakin kowace kusurwa akwai ɗan siririn ƙarfe,
a kansa ranta yake rataye,
da albashina gaba ɗaya.

Baƙin mai kuwa da gangan take shansa,
haka maƙeranta suka so.
Alasdair na maƙwabta ya leƙo ta kan shinge,
ya ce, “Motarka na yoyo.”
Na ce ba yoyo ba ne, ci ne.
Ya koma wa kabejinsa yana dariya.

Akwai ranar da ’yata Hinewai
ta matsar da ita taku goma don ta fitar da keke,
ta kashe ta da sanyinta.
Fetur ya shaƙe mata wuya.
Kwana biyu fulogi huɗu na shan iska
a kan tsohuwar jarida, bisa teburin kicin,
Rosalind na yanka albasa a gefensu,
ba ta ce uffan ba.
Da ta yi faɗa ma, da ya fi min sauƙi a zuciya.

Amma ka hau Lindis da ita da asuba,
ciyawa ta yi fari da raɓa, babu kowa sai tumaki.
Allura ta haura dubu takwas,
muryarta ta sirance kamar zuma a cikin kwalba,
sitiyari ko motsi ba ya yi a tafin hannu.
Ba ta son lallaɓa.
Mai tausayinta shi ke cika mata ciki da toka;
maganinta gudu ne, sai doguwar hanya.

Ina da ɗan littafi a aljihun mota.
Inji na farko: kilomita dubu casa’in da huɗu,
ya ƙi tashi da zafinsa a ƙofar gidan burodi a Geraldine,
na ci burodin a motar janwe.
Na biyu: tiyon ruwa ya tsage, ban duba ba.
Wannan laifina ne, na rubuta haka,
littafi ba wurin yin ƙarya.

Na uku yana ciki, tsoho Lachlan ya haɗa shi,
kamar yadda ya haɗa na biyun.
Jiya ya auna numfashinta,
ya daɗe yana kallon lambobi,
ya ce saura damina biyu, wataƙila uku.
Sai na ga sifana na rawa a hannunsa.
Ya sa ɗaya hannun ya riƙe,
ya ce bayan Kirsimeti zai rufe shago,
idanu sun daina ganin tsaga,
yatsu sun daina jin magana.
Na rasa inda zan ajiye idona,
sai na shiga duba taya.

Shekara goma sha bakwai ana tambayata,
“Tana da aminci kuwa?”
Ina ta ba da amsa da sunan mota,
ashe amincin a Washdyke yake zaune,
cikin rumfar kwano, sanye da rigar ulu mai huji,
kunnensa ɗaya ba ya jin waya.

Na murɗa makulli.
Ta yi tari, ta yi gardama, ta kama.
Hayaƙi shuɗi ya lulluɓe kwandon wankin Rosalind.
Ba zan taɓa giya ba tukuna;
minti goma, sai allurar zafi ta ɗaga kai.
Na zuba shayi a murfin fulas,
ina sauraron alwatika biyu
suna cin kansu a hankali,
suna ta juyawa lafiya.